Zazzaɓin da ke zuwa kullum bayan la'asar, kuma an ce ba maleriya ba ce

Maman_Walid:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, kaina ya kulle. Yarona ɗan shekara huɗu yau kwana goma sha tara ke nan yana zazzaɓi, amma wani iri ne da ban taɓa gani ba. Da safe zai sha kununsa, ya fita tsakar gida yana tura motar gwangwani da yayyensa. Ana idar da la'asar sai ya nemi cinyata ya kwanta. Kafin magariba jikinsa ya yi rau kamar garwashi, yana rawar sanyi, jiya na auna 39.8. Can tsakar dare ya haɗa gumi sharkaf, zazzaɓin ya sauka, gari ya waye kamar ba shi ba. An yi gwajin maleriya sau biyu. Na farko aka ce akwai kaɗan, ya shanye magani, na biyu aka ce babu. Aka koma taifot, ya sha allura kwana biyar, ba abin da ya canza. Yanzu kuma kwana huɗu ke nan in ya tashi sai ya riƙa ɗingishi da ƙafar hagu, ba ya yarda a taɓa gwiwar, sai wajen hantsi take sakinsa. Babansa ya ce faɗuwa ya yi a wajen wasa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Muna Pantami. Akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan?

Ummu_Hanan:
Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Maleriyar bana ce Maman Walid, ba ta jin magani sau ɗaya. Nawa ma sai da aka yi masa allura uku kafin ta sake shi. Ki koma a canza masa magani.

Bappa_Tumfure:
Wa alaikumus salam. Ciwon da ke jiran rana ta yi sanyi kafin ya zo ai ba sai an yi miki dogon bayani ba. A daina barin yaro a waje da almuru, a dage da azkar, a samu malami ya yi masa tofi. Ban ce a bar asibiti ba fa.

Hamma_Lab:
Maman Walid, wane gwajin taifot aka yi? In Widal ne, ki ajiye takardar gefe. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin gwaji, kuma ba gwajin da yake ba ni kunya irinsa. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya ajiye ce bayan ya taɓa karo da ita ko da danginta. Mu da muka tashi da ruwan rijiya da na 'yan ga-ruwa, lafiyayyu da yawa in aka ɗebi jininsu zai nuna. Mai gaskiyar shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kuma an fi son a yi kafin a fara allura. Ita ma maleriyar "akwai kaɗan" da aka ce, yaro a garin nan ƙarshen damina zai iya ɗauke da 'yan ƙwayoyi a jini alhali ba su ne ke kwantar da shi ba. Na tsinken nan da ake ɗigawa jini kuwa yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. An yi masa cikakken ƙidayar jini?

Maman_Walid:
Widal ɗin ne Hamma. Ƙidayar jini ba a yi ba, sun dai duba idonsa sun ce jininsa ya yi ƙasa, suka rubuta maganin ƙarin jini.

AbbaKemis_Bolari:
Ku ma'aikatan lab kullum Widal ba kyau, Widal ba kyau, amma ku ke yinsa ku karɓi kuɗin. Talaka ina ya ga kuɗin shuka jini da jiran kwana biyar yaro na ƙonewa?

Hamma_Lab:
Ban musa ba, muna yi don ana rubutowa. Amma lissafa kuɗin allurar kwana biyar da yaron nan ya sha a banza, ka ga wanne ya fi tsada.

Adda_Jekadafari:
Maman Walid, tun ɗazu nake karanta saƙonki ina maimaitawa, wallahi kamar ni na rubuta shi shekara shida da suka wuce. Ba na ce ciwonsu ɗaya da 'yata ba, ni ba likita ba ce, amma bari in ba ki labari ko za ki tsinci wani abu.

Tana shekara uku ya fara. Zazzaɓi da yamma, wata rana sau biyu, da asuba da kuma yamma. Tsakanin nan tana wasa har surukata ta ce shagwaɓa ce. Maganin maleriya sau huɗu, na taifot sau biyu, an kwantar da mu a wani asibitin kuɗi kwana shida ana ƙarin ruwa. Sai kaluluwa ta fito mata a wuya da hammata da matsematsi, aka ce ƙila tarin fuka ne, aka yi hoton ƙirji, ba komai.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne maganar ƙurajen. Wani dare zazzaɓi ya hau, na tuɓe ta zan goge mata jiki, sai na ga wasu tabo-tabo shafe-shafe a ƙirji da ciki da cikin cinya, ba su tashi kamar borin jini ba, kuma ba ta sosawa. Da yake fara ce, sun ɗan yi ja-ja. Washegari da sassafe muka isa asibitin, na ɗaga rigarta, fata sumul. Mutumin ya kalle ni kallon mai ƙarin gishiri. Sau uku ana haka, har na daina faɗa.

Gaɓoɓin ba su shigo ba sai mako na bakwai. Na miƙa mata kofi, sai ta ƙi riƙewa da yatsu, ta matse shi tsakanin damatsanta biyu. Wuyan hannun ya kumbura, da ɗumi. In ka kira ta daga baya ba ta juyo da wuya, sai ta juyo gaba ɗaya kamar tsohuwa. A nan ne aka tura mu wurin likitar yara a asibitin koyarwa. Abu na farko da ta sa ni ba magani ba ne. Cewa ta yi in sayi littafin makaranta da ma'aunin zafi, in auna sau huɗu a rana in rubuta lokaci, ko yarinya na wasa ko tana kwance. Bayan kwana biyar ta zana lambobin a takarda, sai ga shi kamar haƙoran zarto, ya hau 39 da wani abu ya faɗo 36, kullum. Ta sa aka ɗebi jini, aka yi sikanin ciki aka ga saifa ta ɗan girma, aka yi hoton zuciya, a ƙarshe aka ɗebi ɓargo. Sai da duk waɗannan suka fito sannan ta ce amosanin gaɓɓai ne na yara, irin wanda ke game jiki, suna ce masa ciwon Still. Wata biyu da rabi muna yawo kafin mu ji sunansa.

Yanzu tana aji huɗu, tana tsalle-tsallenta. Wuyan hannun dama ne kawai bai lanƙwasa sosai.

Fara rubutawa yau. In kin ga tabo, ɗauki hoto nan take, kada ki jira safiya.

Goggo_Herwagana:
Ikon Allah. Sanyin ƙashi a yarinya 'yar shekara uku? Ni na ɗauka namu ne na tsofaffi da gwiwa ta gaji da tsugunno.

Zee_Kumo:
Adda ba sikila ba ce kuwa? Amosani ai sikila ke nan. Ƙanina haka yake, zazzaɓi da ciwon ƙashi, yana jariri hannayensa da ƙafafunsa suka riƙa kumbura.

Adda_Jekadafari:
A'a ƙanwata, ita AA ce, sau biyu aka gwada. Sikila amosanin jini ce, wannan na gaɓɓai ne. Sunan ne ya yi kama.

Dr_Yara_GME:
Assalamu alaikum. Ni likitan yara ne, wata 'yar uwa ce ta turo min zancen. Ba zan iya gano ciwon yaro ta waya ba, amma akwai abin da ya kamata in faɗa.

Maman Walid, zazzaɓin kwana goma sha tara da gwiwa mai ciwo ba na kemis ba ne kuma ba na jiran Litinin ba ne. Ki kai shi sashen gaggawa na yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ko duk inda kika san akwai likitan yara. Dalili na farko ma ba ciwon da Adda ta ambata ba ne. Gwiwa ɗaya mai zafi tare da zazzaɓi, sai mun tabbatar ba ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar ko ƙashin ta tara mugunya ba, don wannan cikin 'yan kwanaki yake lalata gaɓa.

Goggo, naku na tsufa guringuntsi ne ya zaizaye. Na yara daban ne, garkuwar jiki ce ke tayar da kumburi ba tare da wani maƙiyi ya shigo ba. Duk wanda ya fara kafin shekara 16 muna sa shi a wannan rukuni, kuma kala-kala ne. Mafi yawansu a gaɓa suke tsayawa. Wanda Adda ta bayyana shi ne mai game jiki, kusan ɗaya cikin goma na yaran da ke da amosanin gaɓɓai, ya fi farawa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, kuma bai zaɓi mace ko namiji ba. Sunan ya samo asali daga wani likitan yara na Landan, George Frederic Still, da ya bayyana shi a 1897.

Abin da muke nema: zazzaɓin da ya kai mako biyu, wanda aƙalla kwana uku a jere yake hawa 39 ko fiye sau ɗaya ko biyu a rana sannan ya sauko daidai, da kumburin gaɓa, da ɗaya daga cikin tabon da ke zuwa ya ɓace, ko kaluluwa a wurare da dama, ko girman hanta ko saifa, ko ruwa a jakar zuciya ko ta huhu. Matsalar ita ce ba sa zuwa tare. Gaɓa na iya makara makonni, wani lokaci watanni. Shi ya sa a shawarwarin da likitocin gaɓɓai na Turai suka fitar a 2024 suka ce kada a jira sai gaɓa ta kumbura kafin a yi zarginsa.

Kuma ba shi da gwaji ɗaya da zai ce "shi ne". Jini yakan nuna fararen ƙwayoyi sun yi yawa, ƙwayoyin daskarar da jini sun yi yawa, jini ya yi ƙasa, ESR da CRP, wato gwaje-gwajen da ke nuna kumburi a jiki, sun hau, feritin, wato abin da ke ajiye sinadarin ƙarfe a jiki, ya hau sosai. Amma duk wannan cewa kawai yake akwai wuta a gida, bai faɗi wanda ya kunna ba. Sai mun kore sauran ɗaya bayan ɗaya: maleriya, taifot na gaske, tarin fuka, sikila kamar yadda Zee ta kawo, zazzaɓin da ke bin ciwon maƙogwaro ya taɓa zuciya, sannan sankarar jini.

Maman_Walid:
Innalillahi. Likita sankara kuma? Jikina ya mutu wallahi.

Dr_Yara_GME:
Kwantar da hankalinki Hajiya. Ban ce ita ce ba. Na ce dole a duba a cire ta daga lissafi, kamar yadda aka yi wa 'yar Adda. Ƙidayar jinin da Hamma ya tambaya ita ce matakin farko, kuma a rana ɗaya take fitowa.

Umar_Dukku:
Ban cika magana a nan ba amma wannan ya taɓa ni. Ɗan yayata ne, shekararsa shida. Zazzaɓi, ciwon ƙafa, ya daina zuwa islamiyya don ba ya iya tafiya. Shi nasa da dare ya fi tsanani, yana farkawa yana kuka yana riƙe ƙwauri, ba gwiwa ba. Wani mai shagon magani a unguwarsu ya yi masa haɗi, ƙwayoyi biyar a 'yar leda. Kwana biyu yaro ya miƙe, yana cin tuwo kamar an sake shi daga kurkuku, fuska ta cicciko, kowa na sa wa mai shagon albarka. Ashe akwai irin ƙwayar nan ta sha-ka-fashe a ciki. Bayan mako uku ciwo ya dawo ya fi na da, ga dasashi na jini, ga tabon baƙi-baƙi a ƙafa kamar an dake shi. Da muka je babban asibiti likitan ya tambayi me aka ba shi, muka nuna ragowar ledar. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce sankarar jini ce, kuma ƙwayar ta danne ta na ɗan lokaci, ta ɓata musu hoton abin da ya kamata su gani a ɓargo, ta kuma ƙara wahalar maganin. Allah ya karɓi abinsa bayan wata bakwai.

Ba don in tsorata ki ba Maman Walid. Roƙona ɗaya, duk wanda ya ba ki ƙwayar da ba ki san sunanta ba, kada ki ba shi.

Ummu_Hanan:
Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Na janye maganata ta ɗazu, Maman Walid kada ki canza komai sai kin ga likita.

AbbaKemis_Bolari:
Allah ya jiƙan yaro. Amma don Allah kada a yi mana kuɗin goro. Ni ban taɓa sa dexa ko prednisolone, wato sha-ka-fashen da ake magana, a haɗin yaro ba. Kuma iyaye ma da nasu laifin, in ka ce a je asibiti sai su ce kai ba ka iya aiki ba, su tsallaka shagon gaba.

Nas_Maryama:
Abba gaskiyarka a nan, amma "haɗi" ɗin kansa shi ne matsalar. Uwa ta zo mana da yaro, ka tambaye ta me ya sha, ta ce fari biyu da ja ɗaya da mai ruwan ɗorawa. Me za mu rubuta a fayil? Ku riƙa ba su a cikin kwalinsa ko ku rubuta suna.

Dr_Yara_GME:
Malam Umar, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da ka faɗa shi ne dalilin ɗibar ɓargo. Abin mamakin, prednisolone na cikin magungunan da mu ma muke ba masu ciwon Still, yana kashe zazzaɓin da sauri. Amma sai bayan an tabbatar ba sankara ba ce. Akwai 'yan alamun da ke sa mu karkata: ciwon ƙashi mai tada yaro da dare, da ƙwayoyin daskarar da jini da suka yi ƙasa, sun fi kama da sankara. Taurin gaɓa da safe mai sakewa da hantsi, da waɗannan ƙwayoyi sun yi sama, sun fi kama da amosani. Karkata ce kawai, ba hukunci ba.

Admin_1:
Tunatarwa: ba a tallan magani a nan. Na goge saƙonni biyu na masu "maganin sanyi sadidan". Wanda ya sake, waje.

Bappa_Tumfure:
Likita na gode da bayani, amma har yanzu ba wanda ya gaya min me ya sa sai da yamma. Ciwo ya san agogo ne?

Hamma_Lab:
Bappa ai jiki ya san agogo. Ko lafiyayye zafin jikinsa ya fi hawa da yamma ya fi sauka da asuba. Ita ma maleriya tana da lokutanta. Tofi kam a yi, ba wanda ya hana, amma a yi shi a kan gadon asibiti.

Maman_Walid:
Jama'a yanzu ƙarfe bakwai da rabi, 39.6. Na bi maganar Adda na tuɓe shi na haska da fitilar waya. Walid baƙi ne sosai, da ban nema ba ba zan gani ba. A gefen cikinsa da cikin cinya akwai wurare da suka ɗan fi sauran fata duhu, kamar an ɗiɗɗiga ruwa a kan atamfa. Inda lastikin wando ya matse ma ya yi layi. Na ɗauki hoto amma bai fito sosai ba. Shi ne ko idona ne?

Adda_Jekadafari:
Kashe hasken kyamarar, ki sa wani ya riƙe fitila daga gefe, ya fi fitowa. Ki ɗauki bidiyo ma. Ki sake duba wurin da asuba in zazzaɓin ya sauka, in babu, ki sake ɗauka don a ga bambanci. Tawa ma inda wani abu ya goge ta ko bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi fitowa.

Nas_Maryama:
Littattafan da aka koyar da mu duk hoton farar fata ne, ana cewa launin tabon kamar naman wani kifi mai ja-ja. A yaranmu ba haka yake fita ba, shi ya sa ake wuce shi. Ba idonki ba ne dole, nuna wa likita hoton kawai.

Maman_Twins_Bauchi:
Ni daga Bauchi nake bibiya. Nawa ba wannan ba ne amma ya yi kama, gara a sani. 'Yata mai shekara tara ta yi ciwon maƙogwaro, muka ba ta lemon tsami da zuma ya wuce. Bayan kamar mako uku sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, kwana biyu ta sace, idon sawu ya ɗauka, ya saki, gwiwar hannu ta ɗauka. Yawo yake yi. A asibitin koyarwa na ATBU suka yi gwajin ASO, mai nuna alamar ƙwayar ciwon maƙogwaro a jini, da hoton zuciya, suka ce ya ɗan taɓa ƙofar zuciyarta. Yanzu allurar penisilin take sha duk wata. Don haka in an tambaye ki ko ya yi ciwon wuya kwanan baya, ki tuna da kyau.

Maman_Walid:
Bai yi ba gaskiya, ko da yake ranar farko ya ce wuyansa na zafi in ya haɗiye. Wata matsalar kuma, kakarsa ta ce gobe da sassafe za a kai shi wurin mai ɗori, ta ce targaɗe ne. Babansa ba ya iya musa mata.

Goggo_Herwagana:
'Yata, kada ki yi fito-na-fito da uwar miji, ba za ki ci riba ba. Ki same ta da daren nan ki ce Dada, zo ki taɓa jikinsa. Ki tambaye ta cikin ladabi ko ta taɓa ganin targaɗe da ya kawo zazzaɓin kwana goma sha tara tun kafin a faɗi. Ki roƙe ta ta raka ku asibitin, ita za ta riƙe shi. Mu tsofaffi so muke a sa mu a ciki, ba a tsallake mu ba.

Umar_Dukku:
Kuma kada a bari a yi masa tsaga ko sakiya a gwiwar.

Zee_Kumo:
Adda tambaya, ana warkewa kuwa? Kuma maganin ana samu a nan?

Adda_Jekadafari:
Likitarmu ta ce wasu sau ɗaya yake musu ya tafi, wasu yana tafiya yana dawowa, wasu kuma ya zauna a gaɓoɓi shekaru. Tawa ya dawo sau biyu. Mun fara da ibuprofen da prednisolone, daga baya methotrexate sau ɗaya a mako. Prednisolone ya kumbura mata fuska, ya tsayar mata da tsawo, har ƙanwarta ta kamo ta, shi ya sa ake ta ƙoƙarin rage shi. Akwai allurai na zamani, tocilizumab da anakinra, da aka ce su suka fi dacewa da wannan nau'in. Mun tambayi kuɗin na farkon, maigida ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ba mu yi ba.

Dr_Yara_GME:
Abu ɗaya zan ƙara don Adda da duk mai irin wannan yaro, har da wanda ba a gama ganowa ba. Akwai wani rikici da muke kira MAS, inda garkuwar jiki ke wuce gona da iri ta far wa jini da hanta, yana samun kusan ɗaya cikin goma na masu ciwon Still, kuma wani lokaci da shi ciwon yake fara bayyana. Alamarsa, zazzaɓin da ya saba hawa da sauka ya daina sauka, ya zauna dare da rana. Yaro ya yi laushi, barci ya yi yawa ko ya rikice, ido ya yi shawara, jini a dasashi ko hanci, tabo a fata. A takardar gwaji kuma sai ka ga ESR ya faɗo, ƙwayoyin jini sun faɗo, mai kallo ya ce an samu sauƙi, alhali feritin ya yi tashin gwauron zabi. Wannan ba ya jiran ranar kilinik, ko ƙarfe biyun dare ne a taho.

Adda_Jekadafari:
An gaya mana Likita, na rubuta shi a bangon littafin nan. Allah bai nuna mana ba.

Maman_Walid:
Salam. Ku yi haƙuri da shiru, kwana uku muna asibiti. Goggo, dabararki ta yi, Dada ce ma ta goya shi har cikin Keke. An kwantar da mu. Sun zuƙi ruwa a gwiwar, sun ce ba mugunya, an kai a shuka. Jinsin jininsa AS. Maleriya babu. Hoton ƙirji lafiya, amma sikanin ya nuna saifa ta ɗan girma. Fararen ƙwayoyi sun yi yawa, na daskarar da jini ma sun yi yawa, feritin ɗin sai da aka kai wani lab a waje, ya haura dubu biyu. Likitar ta kalli bidiyon sau uku, jiya da magariba ta dawo da kanta ta ga tabon da idonta, ta kira ɗalibanta su ma suka gani. Ta ce tana zargin abin da kuka faɗa amma ba za ta sa masa suna ba tukuna, kuma ba za ta fara prednisolone ba sai an ɗebi ɓargo ranar Talata. Yau wuyan hannunsa na dama ma ya fara.

Ummu_Hanan:
Allah ya sa a ji alheri. Muna addu'a.

Bappa_Tumfure:
Allah ya ba shi lafiya. A ci gaba da tofin dai.

AbbaKemis_Bolari:
Hamma, wannan feritin ɗin kuna yi a wurinku ko sai an aika?

Hamma_Lab:
Muna yi in akwai sinadarin. Wannan watan babu.

Maman_Walid:
Adda, ɗibar ɓargon nan, a ina suke soka allurar? Suna sa shi barci? Babansa ya ƙi sa hannu a takardar, ya ce an gaya masa yaro na gurguncewa.

Adda_Jekadafari:
A ƙashin ƙugu ne ta baya, ba a ƙashin baya ba, mutane na haɗa shi da ɗibar ruwan baya. Tawa an ba ta maganin barci, ko rabin awa ba a yi ba, da yamma tana zaune tana shan yoghurt da filasta a wurin. Ki ce wa likitar ta zauna da shi ta nuna masa wurin a jikinsa. In bai gamsu ba ki yi min magana ta gefe, maigidana zai kira shi, shi ma da farko ƙi ya yi. Wane ɗaki kuke? Gobe ina da kilinik da 'yar, zan leƙo bayan azahar.